Ɗan Injin Waldan da Ya Kwanta Min a Rai

Duk wanda ya tambaye ni wane injin walda zai fara saya, ba na ja masa rai. Amsata ɗaya ce: ESAB Rogue ES 180i Pro. Wallahi ina son injin nan, kuma ba na ɓoyewa. Ɗan ƙarami ne mai launin ruwan ɗorawa da baƙi, nauyinsa bai kai kilo 10 ba, kana iya rataya shi a kafaɗa ka hau tsani da shi. Amma ranar da ka ga ɗinkin da yake ajiyewa a jikin ƙarfe, sai ka rantse babban injin masana'anta ne ya yi aikin.

Abin da ya fi kashe wa ɗan koyo gwiwa a walda shi ne tayar da wuta. Ka ƙyasta tsinke a jikin ƙarfe, ya manne, ka murɗa, ka fizge, ɓawon bakinsa ya fashe, ka sake ƙyastawa ya sake mannewa. Yara da yawa a nan suke yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da hannun sana'ar, alhali rabin matsalar daga injin take. Tsohon injin walda na tiransifoma wutar da ke kai da komo yake bayarwa, kuma a layinmu tana ratsawa ta sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, wato harshen wutar yana mutuwa yana tashi ba tare da ido ya gani ba. Shi kuwa Rogue inbata ne, wutarsa miƙaƙƙiya ce, hanya ɗaya take bi. Sannan a daidai lokacin da tsinke ya taɓa ƙarfe, sai ya ƙara ƙarfin wuta na ɗan ƙiftawar ido don harshen ya kama. Idan kuma hannunka ya yi ƙasa, tsinken ya kusa nutsewa cikin narkakken ƙarfe, sai ya sake ƙara wuta ya hana shi mannewa. Dukkan biyun kana iya saita su yadda kake so. Kai, abin sai wanda ya riƙe holda ya ji da hannunsa! Wutar tana tafiya lumui, ƙararta kamar ana soya ƙwai a kasko, kuma in ɗinkin ya huce sai ka ga ɓawon yana ɗagowa da kansa, ƙarfe na sheƙi a ƙarƙashi. Ni har yau in na ga haka sai na yi murmushi.

Sai maganar wutar lantarki, wadda ita ce ta sa na ce lallai mai Pro ɗin za a nema. Kowa ya san yadda wuta ke yin ƙasa a unguwanninmu da yamma, fanka na juyi da ƙyar. Injin nan an ƙera shi ya yi aiki da layin volt 230 irin namu, ya kuma yi da na 120 irin na Amurka, kuma akwai wata da'ira a cikinsa da ke daidaita yadda yake jan wuta. Saboda haka in wuta ta ragu ba ya shaƙewa, sai dai ƙarfin da zai iya bayarwa ya ɗan ja baya. Kamfanin ya ce yana jure doguwar waya har ta mita 100, kuma yana shiri da janareta. Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaura ƙofa a ginin da ba a ja masa wuta ba ya san darajar wannan.

Wani zai ce amfiya 180 ta yi kaɗan, tunda a kasuwa ga ƙananan injuna an rubuta musu 300, wasu har 400. Ɗan'uwa, yi lissafi. Walda a amfiya 400 tana cin sama da kilowat 14, soket ɗin bango mai amfiya 13 kuwa iyakarsa kusan kilowat 3. Ta ina wutar za ta fito? Ni abin da ya ƙara min ƙaunar Rogue shi ne lambar da ke allonsa ita ce wutar da ke bakin tsinke, in ka sa 80 to 80 ɗin ce. Kuma aikin yau da kullum bai kai ko'ina ba. Tsinke geji 12, mai kaurin milimita 2.5, wajen amfiya 60 zuwa 90 yake so, da shi ake ƙofofi da tagogi da gadaje da kujerun makaranta. Geji 10, mai milimita 3.2, yana ci tsakanin 90 da 130, ya ishe ka get da hasumiyar tankin ruwa da gyaran garma. Geji 8 ma injin yana ƙona shi, sai dai a can sama dole ka riƙa ba shi hutu, domin kowane inji yana da adadin mintunan da zai yi a cikin 10 kafin ya yi zafi, kuma an rubuta su a farantin jikinsa. A nan ne zai buƙaci layinsa na musamman da waya mai kauri, soket ɗin ɗaki ba zai ɗauka ba.

Tsinke kuwa ba ya zaɓe. E6013 da kowa ke amfani da shi yana narkewa a kansa cikin sauƙi, E7018 na aikin ƙarfi ma haka, muddin ba ka bar shi ya sha danshi ba. Ba abin mamaki ba ne: wanda ya kafa ESAB a birnin Gothenburg na Suwidin a 1904, Oscar Kjellberg, shi ne ya ƙirƙiro tsinken walda mai rufi. Gidan da tsinken ya fito ne ya ƙera injin.

Ba na raina tiransifoman da ake naɗawa da hannu. Masu sana'ar Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano sun ciyar da iyalai da shi, sun yaye yara masu yawa a kansa, kuma in ya ƙone a sake naɗa shi a ci gaba da aiki. Inbata ba haka yake ba, in allon cikinsa ya lalace sai an nemi wanda ya san kayan lantarki sosai. Ƙura ma abokiyar gabarsa ce, musamman da hunturu, don haka a riƙa busa masa iska, kada kuma a ajiye shi inda tartsatsin giranda ke zuba. Rogue yana da tsada, ya fi na gama-gari nesa. Amma ni ko tara kuɗin zai ɗauki mutum watanni, na fi son ya haƙura ya tara, saboda tsinken da ba zai ɓata ba, da faif mara kauri da ba zai huda ba, da kwastoman da zai dawo saboda kyan ɗinki.

Ranar da za ka ɗauko shi, don Allah ka haɗa da garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, ka manta da baƙin tabarau, domin hasken walda yana ƙona ido kuma sai cikin dare raɗaɗin ke tasowa. Ka sayi safar hannu ta fata, da gudumar ɓare ɓawo, da burushin waya. In faif ɗin mai rufin zinki ne, ka yi aikin a fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Sannan ka samu guntun ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, ka kankare tsatsarsa, ka sa geji 12 a amfiya 80, ka fara jan layi ɗaya kusa da ɗaya har guntun ƙarfen ya cika.