Birnin Baƙin Ciki: Fim Ɗin da Ya Tuna Mana 1969

Mu da muka tashi tsakanin Tudu da Nima, duk fim ɗin da aka yi faɗa da takobi da tsalle a ciki, "Chanis" muke ce masa. Ba mu san wasu daga tsibirin Taiwan suka fito ba, kamar Dragon Inn na 1967. Makarantar SOAS ta Jami'ar Landan tana da cibiyar nazarin Taiwan, takan kuwa nuna finafinan ƙasar. In har Jami'ar Legon za ta yi irin wannan biki, ina roƙo ta fara da A City of Sadness, wato birnin baƙin ciki, na Hou Hsiao-hsien, wanda ya ci babbar kyautar Benis a 1989.

Labarin gida ɗaya ne bayan Japan ta saki tsibirin a 1945. A 1947 sojojin gwamnatin Sin suka kashe mutane dubbai, aka hana maganar har dokar soja ta ƙare a 1987. Hou ba ya nuna kisan. Yana ajiye mu a ɗakin cin abinci, mu ga masu zama suna raguwa. Autan gidan kurma ne mai ɗaukar hoto. A cikin jirgin ƙasa 'yan gari masu farautar baƙi suka tambaye shi asalinsa, ya kasa amsawa sarai, saura kaɗan su hallaka shi. Nan ne ƙarfin fim ɗin: wanda aka zalunta ma yana iya zalunci.

Aibinsa shi ne nauyin tafiya. Ya wuce awa 2 da rabi, kuma wanda bai san tarihin ba zai ɓace. Sai a yi wa masu kallo bayani tukuna.

Mai karatu, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar Gana. Zango ya watse, Musulmi da Kirista, har da waɗanda aka haifa a nan. Tsofaffin da suka gani suna ƙarewa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye faɗuwar Urushalima ba, ya ba ta Littafin Makoki. Ɗaliban Legon su kalli wannan fim, sa'an nan su ɗauki kyamara su zo Nima da Maamobi tun masu ba da labarin suna da rai.