Jinjina ga Masassaƙan Gwafa

A Zangon Kwatano, in dattawa suka ɓarke da hirar farauta, maharbi da bindigarsa ake yabo. Ni kuwa masassaƙin gwafar ɗora bindiga nake yi wa jinjina. Shi ke zaɓo reshen marke ko ƙirya mai baki biyu, ya ɓare ɓawon, ya shanya a inuwa don kada ya tsage. Sai ya auna tsawon da ƙirjin maharbi a durƙushe, ya naɗe bakin da fata saboda ƙarar ƙarfe. Bindigar adaka ɗuri ɗaya gare ta; in hannu ya yi rawa, nama ya tsere da rauni. Gwafa ke hana wannan. Masassaƙa, Allah ya yi wa hannuwanku albarka.