Yadda Ake Tsara Unguwar Tasha Kafin Jirgi Ya Iso Mashi

Layin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi yana da tsawon kusan kilomita 284. Daga Kano zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ya tsallaka Nijar. Gwamnatin Tarayya ta amince da aikin a watan Satumba na 2020 a kan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021. Tun daga lokacin hirar majalisu ba ta wuce ta ƙarfen dogo da ranar da za a ji kukan jirgi ba. Akwai wani aikin da ba a cika zancensa ba, alhali shi zai nuna ko gari zai ci moriyar tasharsa: tsara ƙasar da ke kewaye da ita.

Tasha ba ta zama ita kaɗai. Jirgi ya iso Kano a 1911, ba a daɗe ba Sabon Gari da kantunan 'yan kasuwa suka tsiro kusa da layin, daga baya aka tayar da dalar gyaɗa. Funtuwa da Gusau sun bunƙasa ne da layin da ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Wanda ya san Rigasa kafin buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 ya ga yadda kuɗin fili ya tashi. Mai shayi ke fara kafa tebur, mai tsire ya biyo, sai 'yan acaɓa, sai dillalan filaye. In babu wanda ya riga su da taswira, awon igiya ake samu: a yanka gona fuloti-fuloti, a bar lungun da mota ɗaya ba ta shiga, ruwan damina kuma ya nemi hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane.

Gwanin tsara gari ba ya farawa da zane. Da ƙafa yake farawa. Ranar kasuwar Mashi, tun da asuba, za ka same shi a bakin titin Katsina zuwa Daura da littafi da biro, yana ƙidaya. Babur nawa ya wuce cikin awa guda, amalanke nawa, motar hatsi nawa, mata nawa ne a ƙasa da kaya a ka, kuma daga wace nahiya kowa ya fito. Duk huɗu ya ja layi tsaye, na biyar ya gitta. Washegari, ranar da ba kasuwa, ya sake zama a wurin, don ya san bambancin cunkoson mako-mako da zirga-zirgar kullum. Daga nan sai tambaya. Mai unguwa zai nuna masa tsohuwar maƙabartar da ciyawa ta rufe. Arɗo zai bi da shi burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Tsofaffi kuwa tambaya ɗaya yake yi musu: in an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ina yake kwanciya? Yana tafe yana duban gindin katangun ƙasa, domin inda ruwa ya taɓa kaiwa yakan bar zane, kuma katanga ba ta mantuwa.

Sai a kira safiyo, mai awon ƙasa. Aikinsa abin kallo ne. Zai buɗe ƙafafu uku na na'urarsa, ya taka kowace da ƙafa har ta nutse cikin yashi ta daina motsi, ya ɗora na'urar, sannan ya shiga murza wasu ƙananan sukurori uku a hankali yana kallon wani ɗan kumfa da ke cikin gilashi. Sai kumfan ya zauna daram a tsakiya zai ɗauki awo ko ɗaya, don in na'urar ta karkata kaɗan, kuskuren zai bi dukan taswirar. Yaronsa na can nesa riƙe da sanda mai madubi a kai. Na'urar ta aika haske, madubin ya dawo da shi, ta lissafa nisa da tsayin wurin. Haka za su yi ta yi, wuri bayan wuri, rana na dukansu. Yanzu akan haɗa da jirgi marar matuƙi ya ɗauki hoto daga sama, amma hoton ba ya tsayawa daidai sai an ɗaure shi da wuraren da aka auna a ƙasa. Abin da ke fitowa a ƙarshe shi ne taswira mai layuka masu lanƙwasa, kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda layukan suka matsu da juna, gangare ne. Inda suka yi nesa, fili ne shimfiɗaɗɗe. Mai tsara gari yana kallonsu ya san ta inda ruwa zai bi, ko da kuwa a tsakiyar rani yake.

A kan wannan taswira yake kafa tsinin kamfas a ƙofar tasha ya zagaya da'ira. Nisanta daga ƙofar mita 800 ne, wato tafiyar kusan minti 10 ga mai lafiya, iyakar abin da yawancin mutane ke yarda su taka kafin su nemi abin hawa. In santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita 25 a ƙasa, buɗin kamfas ɗin santimita 32 ke nan. Masanin gine-gine ɗan Amurka Peter Calthorpe ya yaɗa wannan tunani a wani littafinsa na 1993: a tara gidaje, shaguna da wuraren aiki cikin nisan tafiyar ƙafa daga tasha. Sai dai gwani ba ya yarda da da'irar yadda take. Layin dogo da shingensa katanga ce. Gidan da ke tsallaken layi zai iya zama mita 200 daga ƙofa a ido, amma a zagaya kilomita biyu kafin a isa. Don haka sai ya ɗauki zare ya bi ainihin hanyoyin da ƙafa za ta bi yana aunawa, da'irar ta koma wata siffa mai kumburi da loɓawa. Yana kuma tuna cewa minti 10 a zafin Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40, ba ɗaya ba ne da minti 10 a ƙarƙashin bedi. Shi ya sa yake zana gurbin itatuwa tare da zanen titi.

Wurin da na fi ganin gwaninta shi ne jerin abin da yake farawa da shi. Ruwa ne farko: kwari da kududdufi a bar musu wurinsu, a ja lambatu ya bi gangare, a sa kwalbati inda hanya za ta gitta. Na biyu tituna, babban da zai haɗa tasha da gari da kasuwa a bar masa kamar mita 30 ko da yau rabinsa kawai za a iya yi wa kwalta, na cikin unguwa kuma mita 12. Na uku filayen jama'a: makaranta, asibiti, masallaci, maƙabarta, wurin rijiyar burtsatse. Fuloti shi ne na ƙarshe, daga abin da ya rage. Mai awon igiya da fuloti yake farawa, saura kuma Allah ya kyauta. Aikin kamar na tela ne, yadin da aka yanka ba ya komawa, titin da aka matse yau sai an rushe gidaje kafin a faɗaɗa shi.

Gaban tasha kuma yana da nasa lissafin. Mai tafiya a ƙasa shi ne mafi kusa da ƙofa, sai 'yan adaidaita da babura, sai motocin haya. Buhunan gero, wake da riɗi, da dabbobi, a kai su wani ɓangare dabam mai sito da wurin lodi, domin tirela tana buƙatar fili mai faɗin kusan mita 25 kafin ta juya, kuma ba a son ta juya a inda yara ke tsallaka titi. Masu talla da 'yan tireda ba a korarsu a takarda, don ba za su koru a ƙasa ba. Gwani yana ware musu rumfuna a daidai hanyar da fasinja zai bi, in ba haka ba za su zauna a kan titin ne. Burtali kuma a nemo masa mashiga tun yanzu. Makiyayin da aka toshe wa hanya ba gida zai koma ba, gonar wani zai bi.

Sauran magana ta masu ƙasa ce, kuma nan ne haƙuri ke aiki. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓarta don amfanin jama'a, diyya kuma a kan shuka da itatuwa da gini take. Manomin da aka biya kuɗin gero da kuka, ya ga gonarsa ta zama shaguna a hannun wasu, ba zai manta ba. Akwai wata dabara da aka yi wa doka a birnin Firankfot na Jamus a 1902, Japan kuma ta sake gina wani babban ɓangare na Tokiyo da ita bayan girgizar ƙasar 1923. Masu gonaki su haɗa filayensu wuri ɗaya a takarda, a cire na titi da na jama'a, a mayar wa kowa saura gwargwadon abin da ya kawo. A misali, mai eka 10 ya karɓi 7, amma bakwai ɗin suna bakin titi, da lambatu, da takarda, kuma sun fi goman daraja. Kafin a kai ga haka sai an zauna a zauren dagaci ba sau ɗaya ba, an warware gonar gado mai magada goma sha, an shimfiɗa taswira a tabarma kowa ya sa yatsa a kan nasa.

Taswirar da ta tsaya a durowar ofis ba ta hana kowa gini. Mai aiki da gaske yana komawa fili ya kafa duwatsun siminti masu lamba a kusurwoyi, ya sa a share titunan ko da babu kwalta, a dasa itatuwa a gefensu, don duk mai wucewa ya ga nan hanya ce. Bayan kowace damina ya zagayo ya duba wanda ya ci titi da harsashi, tun bulo bai wuce layi biyu ba.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Mashi tana da mutane sama da 170,000, yau kuwa sun fi haka nesa. Ya kamata hakimi da shugabannin ƙaramar hukuma su nemi hukumar tsara birane ta jihar Katsina ta fito da taswirar kewayen tasha, a kafa ta inda kowa zai gani. Kai kuma da dillali ya nuna maka fili kusa da layin dogo, kafin ka ƙirga kuɗi ka ce ya nuna maka dutsen safiyo, ya nuna maka titi da faɗinsa, ya kuma nuna maka ta inda ruwa zai fita.