Jinjina ga Sakandaren Gwamnati ta Ɗanbatta

Ɗanbatta ta yi suna da kasuwar Lahadi da sarautar Sarkin Bai, amma akwai wata tutiyar da garin ke yi: sakandaren gwamnati da ta ɗauki 'ya'yan manoma daga ƙauyukan da ke hanyar Kano zuwa Daura ta mayar da su malamai, likitoci da ma'aikata. Tun bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967, zamanin Audu Baƙo, irin waɗannan makarantu suka zama tsanin talaka.

Sai dai rabin karatun a wajen aji yake. Yaro ya zo da akwatin ƙarfe, ciki da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da kanzo, uwa ta ƙulle masa 'yan kuɗi a bakin zane. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa suna, ya san siniya, ya san firfet, ya iya ɗebo ruwa da asuba da share fili kafin ƙararrawa. Ɗan fom wan ya sha wuya, ba a musu, wani siniyan ma ya wuce gona da iri. Amma wanda ya aike ka wanki da safe, shi zai zaunar da kai da daddare ya warware maka lissafi.

Ranar wasannin gidaje kuwa, har mutanen gari kan cika bakin fili. Tsofaffin ɗalibai ma sun cancanci yabo: yau da furfura, in sun haɗu da sunan makaranta suke kiran juna, su yi karo-karo a gyara aji ko a tallafa wa iyalin abokin da ya rasu.