Gurbin Himma a Cikin "Mutumin Kirki": Nazari Daga Gonakin Dawanau

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1974 Jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka ta buga wata lacca ta marigayi A. H. M. Kirk-Greene mai suna Mutumin Kirki. A cikinta ya jero halaye goma waɗanda yake ganin da su ne Bahaushe yake auna nagartar mutum, watau gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Tun daga lokacin ɗalibai suke haddace wannan jeri kamar karatun allo, ba safai ake tsayawa a tambayi abin da aka bari a baya ba. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa akwai hali na goma sha ɗaya, watau himma. Za mu kafa hujja da karin magana, da kuma aikin manoman Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina.

2.0 Abin da Jerin ya Kama da Abin da ya Bari

Babu mai musun cewa Kirk-Greene ya san Hausa, kuma halayen da ya zaɓo na gaske ne. Amma in an lura, kusan dukkansu sun shafi zaman tare ne, watau yadda mutum zai zauna da sarki da malami da maƙwabci da suruki. Mutum yana iya cika su duka goma, rumbunsa kuwa babu ko dami guda. To, shin mutanen karkara za su kira wannan mutumin kirki? A'a, cima-zaune za su ce da shi, kuma da wuya a ba shi 'ya. Ai shi ya sa suke cewa himma ba ta ga raggo, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wani zai ce ai haƙuri ya ƙunshi himma. Matsalar ita ce masu karatu da yawa suna ɗaukar haƙuri a matsayin naɗe hannu a jira ƙaddara. Karin maganar da aka fi kawowa ita kanta ta ƙaryata wannan fahimta. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mai dafa dutse ba a kwance yake ba. Yana saro itace, yana iza wuta, ruwa in ya ƙone ya ƙara wani. Ashe ke nan matakai uku ne: niyya a zuci, himma a gaɓoɓi, sannan naci, wanda shi ne himmar da ta ƙi mutuwa bayan an sha faɗuwa.

3.0 Shaidar Gona

Dawanau tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye birnin Kano, wanda M. J. Mortimore da J. Wilson suka buga nazari a kansa a 1965. Ƙasar jigawa ce, damina ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba, gonaki kuwa ƙanana, don gado ya rarraba su. Babu filin da za a bar gona ta huta. Duk da haka ana noma gona guda shekara da shekaru ba ta mutu ba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da rani manomi yana kwasar takin awaki da tumaki da tokar murhu, a da har da sharar birni a mangalar jaki, yana jibgewa tsibi-tsibi. Yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Harawa da kara ba a zubarwa, dabbobi su ci, su mayar da taki. Albarkar wannan ƙasa da hannu aka gina ta, mangala bayan mangala.

Tarihi ma ya nuna cewa wannan himma tana tafe da zaɓi. Lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, Turawa auduga suke fata, amma manoma suka auna riba suka rungumi gyaɗa, har Kano ta yi suna da dalar gyaɗa. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ba su tsaya kukan dala ba, sai suka ƙara ba wake da sauran amfani fili. Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ta kafu a shekarun 1980 ta kuma zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, a kan gumin irin waɗannan mutane take tsaye. Manomin da ya yi shuka, ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone, ya sake fitar da iri ya koma, ya yi imani da ƙaddara sarai. Amma ya kuma riƙe cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

4.0 Iyakar Himma

Kada kuma mu zarce mu ce himma kaɗai ta isa. Polly Hill, a littafinta na 1977 kan karkarar Kano, wanda ta gina a kan binciken da ta yi a Dorayi, ta nuna yadda ƙarancin ƙasa yake ɗaure talaka. Wanda rumbunsa ya ƙare kafin damina dole ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya ci yau, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye. Ba shi da dabba, don haka ba shi da taki. Wannan mutum ya fi kowa duƙawa, amma ya fi kowa rashi. Wanda ya kira shi raggo ya zalunce shi. A nan ne jerin Kirk-Greene yake dawowa da ƙarfinsa, domin karamci da adalci, ta hanyar gayya da zakka da aron iri, su ne suke buɗe wa himmar mai ƙaramin ƙarfi ƙofa.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa jerin halaye goma ya siffanta Bahaushe a zaure, bai bi shi gona ba. Shawararmu ita ce masu koyar da al'ada su sa himma a cikin jerin, su kuma fassara haƙuri da ma'anar da mai fartanya ya san shi da ita. Haka kuma ya kamata masu nazari su tattara waƙoƙin noma da kirarin manoma na ƙasar Kano, a ga da waɗanne kalmomi su kansu suke yabon gwarzo. Allah ya sa mu dace.