Majigi da Gidauniya a Ƙasar Kabi

Majigi shi ne nuna fim a fili da dare, a jikin farin ƙyalle ko bangon da aka shafe da farar ƙasa, babu ƙofa babu tikiti. Ta wannan hanya ce yawancin garuruwan Arewa suka fara ganin hoto mai motsi, kuma abin da aka fi nuna musu shi ne fim ɗin gaskiya, wanda ba ƙagaggen labari ba: aikin asibiti, noman auduga, rangadin gwamna, hawan salla. Duk wata ƙungiya da ke son shirya ɗan ƙaramin bikin irin waɗannan fina-finai a gari kamar Argungu, don tara kuɗin gyaran makaranta ko taimakon waɗanda ambaliya ta cinye wa shinkafa, a kan wannan tsohuwar al'ada za ta ɗora aikinta, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo majigi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kansa, wani jami'in tsafta da ya daɗe yana amfani da fim a Legas wajen yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Motar majigi takan iso gari da rana, a kai gaisuwa wurin sarki ko hakimi, a yi shela. Da an idar da sallar isha'i sai a tayar da inji a ƙofar fada. Manya na kan kujeru, yara a ƙasa dab da ƙyalle, mata daga gefe guda, ga dogarai suna tsawatarwa. Akan fara da labaran duniya, a bi da fim ɗin koyarwa, a rufe da na ban dariya don kada jama'a su watse tun da wuri. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji tsarin ta faɗaɗa shi a zamanin Sardauna, ta haɗa shi da Yaƙi da Jahilci. Har yau dattawa na tuna Baban Larai, fim ɗin da aka shirya don koyar da noman zamani. Daga cikin ma'aikatan wannan fanni ne aka sami Adamu Halilu, wanda ya shirya Shaihu Umar a 1976, daga baya kuma ya ɗauki tarihin Kanta na Kabi.

Silima daban take. An buɗe Rex a Kano a 1937, kuma tun daga farko gidan silima wuri ne na biya ka shiga, na fim ɗin kaboyi, daga baya kuma har da na Indiya, wanda malamai ke ƙyama, matan aure kuma ba sa zuwa. Gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka, ta ƙara wa mutane wannan ƙyamar. Saboda haka abubuwa biyu suka zauna a zukatan jama'a. Fim ɗin da ake biya a gani na shaƙatawa ne, mutunci bai cika bin sa ba. Fim ɗin ilimi kuwa na hukuma ne, yana zuwa da yardar sarki, kuma kyauta ne. Nan ne wahalar mai son tara kuɗi da fim ɗin gaskiya take.

Ƙasar Kyuba ta bi hanya mai kama da ta majigin Arewa, shi ya sa fina-finanta suka dace da kwatance. A watan Maris na 1959, wata uku kacal bayan juyin juya hali, sabuwar gwamnati ta kafa hukumar fina-finai ta ICAIC. Ba a jima ba hukumar ta fara aika injinan majigi ƙauyuka a manyan motoci, inda mota ba ta shiga a ɗora wa alfadarai, yankunan masunta kuma a kai da jirgin ruwa. Wannan ya zo daidai da gangamin koyar da karatu da rubutu na 1961, kamar yadda majigin Arewa ya tafi tare da Yaƙi da Jahilci. A 1967 Octavio Cortázar ya bi wata motar majigi zuwa wani ƙauye a duwatsun Baracoa, ya tambayi mutanen wurin ko sun san mene ne silima, sa'an nan ya juya kyamara ga fuskokinsu lokacin da suke kallon Charlie Chaplin. Fim ɗin, Por primera vez, kimanin minti goma ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙasa gaban ƙyallen majigi zai gane abin da yake gani ba sai an fassara masa ba.

Babban gwanin fannin shi ne Santiago Álvarez, wanda ya jagoranci labaran mako-mako na ICAIC daga 1960 zuwa 1990, fitowa kusan 1,500. UNESCO ta sa su cikin kundin adana tarihin duniya a 2009. Ƙarancin kayan aiki ne ya gina salonsa. A fim ɗinsa Now! na 1965, kan wariyar launin fata a Amurka, hotunan jaridu da guntayen tsofaffin faifai ya harhaɗa a kan waƙa guda ta Lena Horne, duka bai wuce minti shida ba. Sai dai kada a manta, waɗannan ma fina-finan gwamnati ne, da manufar da suke son cusawa. Bambancinsu da na Sellers shi ne masu shirya su sun ɗauki mai kallo a matsayin mai hankali. Sellers kuwa ya gina aikinsa ne a kan zaton cewa baƙar fata ba zai fahimci hoto ba sai an tafi da shi sannu-sannu.

A Turai da Kudancin Amurka, ƙungiyoyin masu goyon bayan Kyuba sun saba kama ɗakin taro, su nuna irin waɗannan fina-finai kwana biyu ko uku, su sayar da tikiti, ribar kuma a sayi magani ko kayan makaranta. A Argungu wannan lissafi ba zai fita ba. Matashin da ke biya kullum a gidan kallon ƙwallo don ya ga wasan Ingila ko Sifen ba zai ciro ko sisi don fim ɗin noman rake a wata ƙasa ba, kuma da zarar an kewaye fili da zana an tsayar da mai karɓar kuɗi, abin ya koma silima, dattawa da matan aure sun fita daga ciki.

Kuɗin taimako a ƙasar Hausa a bainar jama'a ake ba da shi, da suna. Makaɗa da 'yan dambe sun daɗe suna yin ajo, inda mutum zai shirya wasa ya gayyaci iyayen gidansa da abokan arziki su yi masa kari. Ƙungiyoyin ci gaban gari sun mai da wannan gidauniya, marubuta kuma ƙaddamarwa. Tsarin sananne ne. Ana aika katin gayyata mai ɗauke da sunan uban taro, shugaban taro, babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa. Bayan addu'a da jawabai, mai gabatarwa zai kira babban mai ƙaddamarwa ya buɗe asusu, shi kuma ya faɗi abin da ya bayar a lasifika, a yi tafi. Daga nan sai wakilin wane, sai shugaban 'yan kasuwa, sai ƙungiyar masunta, sai ta manoman shinkafa, kowa yana duban abin da na gabansa ya ajiye. A ƙarshe a zagaya da faranti ko kwali domin masu ƙaramin ƙarfi. A irin wannan zama ba fim ɗin ake saya ba. Aikinsa shi ne ya tara jama'a, ya kuma nuna musu dalilin bayarwa.

Tsarin yana da raunin da kowa ya sani. Alkawarin da aka yi a lasifika ba duka ke shiga asusu ba, kuma bin babban mutum bashin gudummawa aiki ne da ba kowane sakatare ke iya wa ba. Na biyu, jawabai kan cinye dare. Idan manyan baƙi suka makara, aka yi ta gaisuwa da kirari, kafin a kunna inji yara sun yi barci, mata sun koma gida. Mafita ita ce a raba zaman: gidauniya da la'asar a ɗakin taro, tare da gajeren fim guda, majigi kuma da dare a fili kyauta ga kowa. Gajartar fina-finan Kyuba ta sa sun dace da zaman farko ƙwarai.

Harshe ne matsala ta gaba. Fina-finan da Sifaniyanci suke, kuma rubutun fassara a ƙasan hoto ba ya amfanar taron da wasu ke nesa, wasu ba sa karatun boko. Tsohon majigi ya magance wannan da mai sharhi, mutumin da ke riƙe da lasifika yana bayani da Hausa, yana saka barkwanci inda ya ga jama'a sun fara gundura. Nasarar dare a hannunsa take. Samarin yau ma sun saba da haka ta fassarar fina-finan Indiya irin ta Algaita. A Argungu ana bukatar wanda bakinsa na Kabawa ne, wanda ya kalli fim ɗin tun kafin ranar, ya kuma san inda ya kamata ya yi shiru.

Masu kallo a wannan yanki ba sa karɓar abu ido rufe. A 1954 Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru yana ɗaukar fim a Nijar, ya koma Ayorou a bakin kogin Kwara ya nuna wa masunta Sarkawa fim ɗin da ya ɗauka na farautarsu ta dorina. Suka ce masa kiɗan da ya saka kuskure ne, domin kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, farautarta a cikin shiru ake yi. Ya cire kiɗan. Masuntan kogin Matan Fada na Argungu ba za su gaza wannan ba idan aka nuna musu yadda wasu ke jefa taru. Don haka barin fili na tambaya da muhawara bayan kowane fim yana daga cikin shirin.

Wajen zaɓen abin nunawa, fim ɗin baƙi shi kaɗai ba ya riƙe taro. Mutane sun fi son ganin kansu. Argungu kuwa na daga cikin garuruwan Nijeriya da aka fi ɗauka a kyamara, saboda bikin kamun kifi da ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin da kuma UNESCO ta amince da shi a matsayin gadon al'adun duniya a 2016. Hoton dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin ruwa, Sarkin Ruwa yana lura, ya zaga duniya, amma sau da yawa waɗanda ke cikin hoton ba su taɓa ganin sa a babban allo ba. Haɗa irin wannan da gajeren fim na Kyuba kan masunta ko yaƙi da jahilci yana ba mai sharhi abin kwatantawa. Ƙanƙantar gari ba cikas ba ce: a Gibara, wani ƙaramin garin bakin teku a gabashin Kyuba, Humberto Solás ya kafa bikin fina-finan masu ƙaramin jari a 2003.

Sauran aikin na izini ne da lissafi. Haƙƙin tsofaffin fina-finan yana hannun ICAIC, kuma samun fim a YouTube bai ba mutum ikon nuna shi a taron tara kuɗi ba. Ofishin jakadancin Kyuba a Abuja ne ƙofar da ta fi kusa. Nuna fim ga jama'a a Nijeriya yana ƙarƙashin hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993, sa'an nan ga fada, ƙaramar hukuma da jami'an tsaro. Dole a kalli kowane fim tun daga farko har ƙarshe kafin ranar, domin shigar mutanen Havana da rawarsu ba duka za su karɓu a ƙofar fada ba. Lokaci mafi dacewa shi ne rani bayan sanyin hunturu ya sassauta, ba cikin azumi ba, kuma ba daren da farin wata zai dushe hoton ba. Kayan aiki ana samun aronsu a gidajen kallon ƙwallo da makarantu. Man janareta ne ya zama babban abin kashewa tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Ƙa'idar da ke kare ƙungiya ita ce wani mai hali ya ɗauki nauyin hidimar daban, ta yadda duk abin da aka tara zai tafi ga aikin da aka ambata. A buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu ko uku, a rubuta tsabar kuɗi daban alkawari daban, a kuma karanta sakamakon a gaban uban taro da waɗanda suka bayar cikin 'yan makonni.