Jinjina ga Maginan Majami'ar Teruel

A birnin Teruel na yankin Aragon, ƙasar Sifaniya, akwai wata babbar majami'a da ta isa a jinjina wa waɗanda suka gina ta. Ta fito ne da salon Mudejar, wato fasahar Musulmin Andalus da suka ci gaba da zama a ƙarƙashin sarakunan Kirista suna sana'arsu.

A 1257 aka fara ɗaga hasumiyarta. Maginan ba su nemi dutse mai tsada ba. Jan bulo suka jera da gwaninta, suka ƙawata shi da gasasshen yumɓu mai sheƙi, suka kuma bar hanya a ƙarƙashin hasumiyar, wadda jama'a ke bi har gobe.

Amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne rufin katako na ciki, mai tsawon mita 32, aikin ƙarni na 13. Masassaƙa sun harhaɗa katakan rufin yadda za su riƙe nauyin ginin, masu zane kuma suka cika su da hotunan mahaya, mafarauta, makaɗa, limaman coci, har da kafintocin kansu suna bakin aiki. Daga baya an lulluɓe rufin da wani gini, wanda ya kare launukansa shekaru masu yawa. Bama-baman yaƙin basasar Sifaniya sun taɓa shi, aka gyara.

A 1986 UNESCO ta saka gine-ginen Mudejar na Teruel cikin kayan tarihin duniya. Lallai waɗannan magina sun cancanci yabo.